Yatsa a Gefen Faifai

A layi na goma sha biyu a unguwar Ngamiani, idan aka ce "kunne," dattijon nan Mzee Kibwana Mhina ake nufi. Sauran jikinsa ba wani abin a zo a gani ba ne: gajere, ƙafafu a gwame, da haƙora huɗu da yake ji da su kamar 'ya'yan fari. Amma kunnen nan, Allah ya yi baiwa a wurin. Shekara hamsin yana gyaran keke a gindin mangwaro kusa da tashar motocin Pangani, bai taɓa miƙe ƙafar keke da ido ba. Sai ya ɗora ta a cinya, ya riƙa kaɗa wayoyinta da farce ɗaya bayan ɗaya, kai a karkace. "Wannan ce ke yi mini ƙarya," in ji shi, ya ɗaure ta. Mu mutanen garin Tanga, a nan bakin teku, keke ne ƙafarmu, don haka bai taɓa kwana da yunwa ba, bai kuma taɓa yin arziki ba.

Ni a wurin wasanmu na Lahadi na san shi.

Wasan ya girmi wasu daga cikin masu yin sa. Bayan la'asar, a barandar shagon Fundi Akida mai gyaran rediyo, a shimfiɗa tabarma, a kawo butar gahawa a kan garwashi da farantin alewar kwakwa. Fundi ya zaro tsohon faifai daga kwali, ya rufe takardar tsakiyarsa da tafin hannu kamar mai ɓoye jarrabawa, ya ɗora a garmaho, ya sauke allura, ya ƙirga biyar a zuci, ya ɗage. Wanda ya gane sai ya ƙwanƙwasa finjalinsa a kan tire ya faɗi abu uku: makaɗan, waƙar, da shekarar. Wanda ya fi kowa ci, shi ke zama a kujera mai hannu mako mai zuwa. Wanda ya ƙwanƙwasa ya yi kuskure, shi ke wanke finjalai. Da kiran sallar magariba kowa ya kama gabansa.

Kujerar dai ta riga ta ɗauki siffar Mzee Kibwana. Finjalan kuwa sun san hannuna fiye da yadda wasiƙun gidan waya suka san shi, ga shi shekara ashirin da shida ina aiki a can. Matata ta taɓa tambayata me ya sa mutumin da ke wanke-wanke a shagon wani kowace Lahadi bai san inda soson gidansa yake ba. Har yau ina neman amsa.

Mace ɗaya ce a cikinmu, Bi Mwajabu mai wainar shinkafa, ƙanwar marigayiya matar Mzee Kibwana. Ita kaɗai ke iya taɓa shi, Shemeji take ce masa, wato mijin yaya.

"Shemeji, yau ka wanke kunnen kuwa? Na ga gashi ya fito a ciki har ana iya kitso."

"Gashin nan shi ke tace waƙa, yarinya. Ke da naki yake fayau, me kika ci makon jiya?"

"Yarinya? Jikokina tara!"

"Ranar da na zo neman yayarki, majina ce a hancinki har leɓe. A nan kika tsaya a idona."

Sai Fundi ya sauke allura, kafin jita ta gama buɗe baki, ƙwas! Mzee Kibwana ya ƙwanƙwasa. Ba ya tsayawa a abu ukun ma. Sai ya gaya maka mai ƙahon mura yake yi ranar, mai gangar kuma aro aka yi daga Korogwe. Wani lokaci ina zargin ƙirƙira yake yi, amma wa zai ƙaryata shi? Duk waɗanda suka san gaskiyar suna maƙabarta. Wannan shi ne abin da ba ma faɗa game da wasanmu: kusan duk muryar da ke fitowa daga garmahon nan ta mamaci ce. Mu zauna muna shan gahawa, matattu suna rera mana daƙiƙa biyar-biyar, muna rige-rigen kiran sunayensu.

Akwai waƙa ɗaya da ba ta taɓa shiga wasan ba, don babu mai faifanta. Sunanta "Jirgin Pemba Ya Makara," ta makaɗan Mwambani Jazz.

A shekarar saba'in da shida wani mutum ya zo daga Mombasa da na'urar ɗaukar murya, ya kafa ta a wani zauren rawa da ke bayan kasuwa. Matar da za ta yi amshi ba ta zo ba. Mwantumu, amaryar Kibwana, ta kawo wa wanta mai ganga abincin rana ne kawai, aka ce don Allah ta tsaya gaban makirufo. Baiti huɗu ta yi, da sharaɗin kada a rubuta sunanta, don in mahaifinta ya ji, gidan ba zai zaunu ba. Mutumin ya tafi da waƙar a buga faifai a Kenya. Kafin faifan ya iso aka rufe iyakar ƙasarmu da Kenya, shekara da shekaru ba shiga ba fita.

Amma iska ba ta san iyaka ba. Rediyon Mombasa yana kamuwa a Tanga. Kibwana ya sayi rakoda, ya ajiye ta kusa da rediyonsa a gindin mangwaro da sabon kaset a ciki, wata bakwai yana facin taya, kunne ɗaya na kan rediyo. Ranar da aka sa waƙar, ya jefar da keken wani ɗan sanda ya danna rakodar. Ya ce da ya kai gida ya kunna mata, Mwantumu ta rufe fuska da gyale tana dariya, ta ce ya kashe kafin maƙwabta su ji.

Shekarar da ta biyo, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta. Ba su haihu ba. Bai sake aure ba, duk da Bi Mwajabu ta ce ta jera masa zawarawa sun kai cikin motar haya.

Tun daga nan, kullum bayan azahar yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya saurari kaset ɗin sau ɗaya. Ba wanda ya taɓa ji tare da shi. "Matar mutum ce," in ji shi, "ba a sauraron ta a taro." Bi Mwajabu ma ba ta nema ba, ta ce wanda aka binne a bar shi ya huta. In kaset ya fara gajiya, sai ya rungumo rakodarsa zuwa shagon Fundi, a haɗa waya daga tasa zuwa ta Fundi, a kashe sauti, a juye a sabo. Dole daga tasa rakodar za a kunna, wai ita Mwantumu ta saba da ita. Sau goma sha ɗaya aka yi haka cikin shekara arba'in.

Fundi ya sha gaya masa, "Mzee, bel ɗin rakodar nan, robar da ke juya kaset, ya saki. Dubi yadda take juyawa kamar mai ciwon baya. Bari in sa maka sabo."

"Taɓa ka gani. Na taɓa zuwa gidanka na ce matarka tana tafiya a hankali?"

A haka maganar ke mutuwa.

Wata Talata bayan ruwan bazara na kai masa kekena. Ya ɗora ƙafar a cinya, ya kaɗa waya biyu, sai ya tsaya.

"Bwana Posta," ya ce, don haka yake kirana saboda aikin gidan waya, "fuskarta ta tafi."

Na ce fuskar wa.

"Hoto ɗaya gare ni, laima ta cinye shi tun bara waccan. Na ce ba komai, tana cikin kaina. To, yanzu in na rufe ido, gyalen nake gani, da hannun da ya riƙe shi. In ta sauke gyalen, babu kowa a ciki." Ya sake kaɗa wayar, bai saurare ta ba. "Saura muryar. Ita kam ko numfashinta aka sa mini a cikin kasuwa zan gane. Ranar da muryar ta ɓace mini, ranar ce na binne Mwantumu da gaske."

Sai na ce masa sarƙar keken ma tana ƙara. Irin taimakon da na iya ke nan.

Ba a yi wata biyu ba Fundi ya aiko a kira ni, ni da Bi Mwajabu. Wani abokinsa a Mombasa ya kwashe kayan wani tsohon kanti da za a rushe, ya aiko masa da kwalin faifai. Fundi ya zaro ɗaya. Ƙaramin faifai, takardar tsakiya ruwan ɗorawa, sabo fil, allura ba ta taɓa hawa kansa ba. Mwambani Jazz. "Jirgin Pemba Ya Makara."

Bi Mwajabu ta zauna a kan wata matacciyar talabijin ba tare da ta duba ba.

Fundi ya ce a kai masa gida, a ba shi a hannu, a fito. Da mun bi ta Fundi, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ni ne mai dabara. Na ce haba, mutumin da ya yi shekara goma sha tara a kujera mai hannu, a miƙa masa abu kamar takardar sammaci? A sa shi a wasa! Mu haɗa baki kowa ya riƙe finjalinsa, a bar shi ya ƙwanƙwasa shi kaɗai, ya kira sunan matarsa a gaban jama'a karo na farko. A wurinmu babu girmamawar da ta wuce wannan. Na ƙara da cewa kada ma a gwada faifan. Allurar farko a kunnensa za ta sauka. Bi Mwajabu ta ce ya yi. Fundi ya mayar da faifan cikin kwali, ya ce, "To."

Garin gyaran gira ake rasa ido, amma mai gyaran ba ya sani sai ya gama.

Lahadin ta zo. Mu tara ne a baranda, kowa ya san sirrin sai mutum ɗaya. Aka yi faifai shida, Mzee Kibwana ya ci biyar yana tsokanar Bi Mwajabu wai ta koma gasar tuya. Rana ta karkata, inuwar shagon ta kai bakin kwata. Fundi ya zaro na bakwai.

Allura ta sauka. Jita ta shigo da gudu, tas-tas, kamar yarinya mai tsallen igiya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Fundi ya ɗage.

Duk muka juya muna kallon kujera mai hannu. Mzee Kibwana yana riƙe da finjalinsa a sama, goshi a tattare.

"Me kuke kallona? Ku ƙwanƙwasa mana in kun sani."

Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Fundi ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka fara wasan: ya mayar da allurar, ya bar ta. Jita, ganga, ƙaho, sai namiji ya fara rera yadda ya tsaya a bakin teku tun hantsi. Sannan amshi ya shigo. Murya siririya, mai haske, da 'yar dariya a ƙarƙashinta kamar mai yin abin da aka hana ta.

Bi Mwajabu ta toshe baki da gyale.

Ƙwas! Mzee Kibwana ya ƙwanƙwasa, muka sauke numfashi.

"Waƙar dai 'Jirgin Pemba Ya Makara' ce," ya ce. "Amma ba Mwambani ba ne. Wasu yara ne suka sake ta, irin na yanzu masu gaggawa kamar ana bin su da sanda. Ita kuma wannan 'yar amshin, wa ya sako ta? Murya kamar ɗan tsako ya faɗa rijiya. Allah sarki. Da kun ji yadda mai waƙar ta yi ta, da ba ku bari wannan ta buɗe baki ba."

Faifan na ta juyawa, yarinyar tana ta jiran jirginta.

"Shemeji," in ji Bi Mwajabu. "Yaya ce."

"Ke dai ba ki da kunne tun kina..."

"Shemeji, wallahi Yaya ce. Haka take kirana in shigo da ruwa. Haka take."

Fundi ya ɗage allura, ya ciro faifan, ya miƙa masa. Mzee Kibwana ya nisanta shi da ido, ya karanta takardar, ya sake karantawa. Ya girgiza kai.

"Muryar matata a ƙasa take," ya ce a hankali. "Mai nauyi. Ba ta sauri. Kullum ina jin ta, yau ma na ji ta. Ni za ku gaya wa?"

Fundi bai yi musu ba. Ya karɓi faifan ya mayar, ya sauke allura daidai wurin amshi. Da yarinyar ta fara, sai ya ɗora ɗan yatsansa a gefen faifan, ya danna kaɗan.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba, ba na kuma fatan in saba da shi. Muryar ta fara sauka. Dariyar da ke ƙarƙashinta ta narke. 'Yar shekara ashirin da biyu ta zama ta talatin, ta zama ta hamsin, a gabanmu, a cikin baiti ɗaya. Fundi ya ƙara dannawa. Sai ga wata dattijuwa, mai murya kamar ta wadda ta ga duniya ta gaji, tana jan kalmomin a hankali, tana cewa jirgi ya makara amma ita tana nan.

Mzee Kibwana ya miƙe tsaye. Finjalin ya suɓuce, ya gangara a tabarma.

"Ga ta," ya ce. "Mwantumu."

Fundi ya ɗage yatsa. Dattijuwar ta ɓace, yarinyar ta dawo da dariyarta.

"Bel ɗin ne, Mzee," in ji Fundi, kansa a ƙasa. "Duk juyin da muka yi, rakodarka tana rage mata gudu kaɗan, sabon kaset ya ɗauka a haka. Kaɗan-kaɗan, sau goma sha ɗaya. Kai kuma kullum kana ji, ba za ka lura ba. Kamar fuskar mutum a madubi."

Ladan ya fara gyaran murya a masallacin layi na goma. Sai Mzee Kibwana ya sunkuya ya fara tattara finjalai.

Na ce, "Haba Mzee, bar su, aikina ne."

"Na ƙwanƙwasa, na yi kuskure. Doka doka ce, Bwana Posta. Matsa."

Ya tsuguna a bakin famfo da ƙafafunsa gwamammu, ya wanke finjali tara ɗaya bayan ɗaya, ya kife su. Ba wanda ya tsokane shi, har Bi Mwajabu. Ya tafi bai yi sallama ba, bai ɗauki faifan ba.

Lahadi biyu kujera mai hannu ba kowa. Ba wanda ya yarda ya zauna. Ni kuwa na fi kowa sanin wanda ya jawo, don haka ranar Laraba na sassauta wayoyin kekena da gangan na tura shi gindin mangwaro.

Ya kalli ƙafar, ya kalle ni. "Wanda ya kwance wannan da hannu ya kwance ta. Kuma bai iya ba."

Na ce na zo neman gafara ne.

"Zauna." Ya ɗora ƙafar a cinya. "Na koma na kunna kaset ɗin. Yanzu ina jin jan da yake yi. Abin da kunne ya ji, ba ya mayarwa. Shekara arba'in ina cewa ba ta canja ba, ashe tare muke tsufa, ban sani ba." Ya ɗaure waya ɗaya. "Amma ka san wani abu? Tun ranar nan fuskar ta dawo. Wushiryarta, da tabon da ke haɓarta inda murfin tukunya ya ƙone ta. Ina zaune a nan da rana tsaka sai in gan ta ta sauke gyalen."

Na ce alhamdu lillahi.

"Kada ka yi saurin godiya. Yarinya ce. Ta dube ni, ta ga tsoho mai haƙori huɗu, sai ta rusuna ta gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa kakanni." Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Mai fuskar ba ta san ni ba. Wadda ta san ni kuma ba ta da fuska, bel ne ya haife ta. To, wacce ce matata, Bwana Posta? Kai da ka iya kai kowace wasiƙa gidanta."

Wannan karon ko maganar sarƙa ban samu ba.

Lahadi ta uku sai ga shi, da wuri, kafin a hura garwashi. Fundi ya jawo aljihun tebur ya fito da sabon bel da ya ajiye masa tun shekarun baya.

"Mayar da abinka," in ji Mzee Kibwana. "Yatsan nan za ka koya mini."

Bai ɗau lokaci ba. Mai gyaran keke ne, hannunsa ya san nauyin abu. Ya ƙi kai faifan gida. Ya ce ya gama ɓoye ta, mahaifin nata ma ya daɗe da rasuwa. Daga ranar wasanmu ya samu sabuwar al'ada. In an gama faifan ƙarshe, kafin kiran salla, sai ya tashi daga kujerarsa ya ɗora "Jirgin Pemba" da kansa. Amshin farko yakan bar ta ta yi gudunta, da dariyarta. A na biyu ya ɗora yatsa. A na uku ya ƙara. Kafin na huɗu ya ƙare, dattijuwar ta iso, su tsaya tare, shi da ita, har allura ta kai tsakiya.

"Minti uku da 'yan kai," ya ce mini wata rana. "Duk shekarun da ba a ba ta ba, ga su nan. Yanzu ina ganin ta tana tahowa tun daga can har ta iso inda nake. Da ta iso kuwa, ta san ni."

"Ka tsofar mini da yaya da yatsa ɗaya," in ji Bi Mwajabu tana share ido. "Mugu. Dama tun tana raye kai ne ke sa ta furfura."

"Ke kuma ko yatsa goma aka sa miki ba za ki yi hankali ba."

Shekara biyu ya yi yana haka. Ya rasu ana saura kwana shida azumi, a gindin mangwaronsa, da ƙafar keke a cinya.

Har yanzu muna wasan, ko da yake mun koma mu bakwai, kujera mai hannu kuma Bi Mwajabu ta gaje ta, tana mulki ba tausayi. Ita ce ta ce a ci gaba da rufe zama da faifan. Fundi ke ɗorawa, ya koma ya zauna a tabarma, hannuwansa biyu a kan gwiwa inda kowa ke ganin su. Amshin farko yarinyar takan yi gudunta. Wajen na uku kuwa, wasu Lahadin, ba duka ba, sai mu ji ta fara sauka.

Fundi ya ce wuta ce ke raguwa, kamar yadda ta saba a Ngamiani in magariba ta gabato. Mun yarda, don mu mutane ne masu son zaman lafiya. Sai dai har faifan ya ƙare, ba mai ajiye finjalinsa a kan tire, kada ya yi ƙara.